Ma'aunin Yatsa: Tsara Maɓallan Taɓawa na Wasannin Wayar Hannu a Kan Wayoyi Mabambanta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake tsara hanyoyin sarrafa wasannin wayar hannu ta taɓa fuskar waya, a yanayin da wayoyin suka sha bamban wajen girma da sauri da ingancin kayan da aka ƙera su da su. An dubi matsalar ta ɓangarori huɗu: girman maɓalli, da wurin da ake ajiye shi, da lokacin da waya ke ɗauka kafin ta amsa, da kuma na'urorin da wata wayar ke da su wata ba ta da su. Maƙalar ta nuna cewa abin da ba ya sauyawa a duk wannan bambanci shi ne hannun ɗan'adam, don haka da shi ya kamata a yi awo, wato da milimita da milisakan. An kammala da duba tasirin lamarin ga masu wasa da masu ƙirƙirar manhaja a ƙasar Hausa, inda wayoyi masu sauƙin kuɗi suka fi yawa.

Fitilun Kalmomi: wasannin waya, fuskar taɓawa, maɓalli, jinkiri, tsarin manhaja

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1997 kamfanin Nokia ya sanya wasan Snake a wayarsa samfurin 6110. Da maɓallai huɗu ake juya macijin, wato lambobi 2 da 4 da 6 da 8. Mai wasa ba ya buƙatar kallon yatsansa, domin fatar yatsan tana jin gefen kowane maɓalli, tana kuma jin sanda ya nutse. Bayan shekara goma, a 2007, kamfanin Apple ya fito da iPhone, sannan a 2008 wayar farko mai amfani da Android, wato HTC Dream, ta shiga kasuwa. Daga nan maɓallai suka fara ɓacewa, gilashi sumul ya maye gurbinsu.

Wannan sauyi ya zo wa masu tsara wasanni da asara iri uku. Ta farko, yatsa ya daina jin abin da yake dannawa. Ta biyu, yatsan da ke ba da umarni shi ne kuma ke rufe abin da ake son gani. Ta uku, wadda ita ce jigon wannan maƙala, gilashin ba iri ɗaya ba ne a hannun kowa. Wani rahoto da kamfanin OpenSignal ya fitar a 2015 ya ƙirga samfurin na'urori masu Android har 24,093. Wanda ya ƙirƙiri wasa don na'urar wasa ta gida ya san ainihin abin da ke hannun mai wasa. Wanda ya ƙirƙira don waya kuwa bai sani ba, kuma duk kuskuren da ya yi wajen hasashe, mai wasa ne zai biya shi, ta hanyar shan kaye a wasan da bai gaza a cikinsa ba.

2.0 Yadda Fuskar Waya Ke Gane Yatsa

Fuskokin taɓawa iri biyu ne suka shahara. Akwai mai aiki da matsi, wadda ke da shimfiɗa biyu da ke haɗuwa idan an danna. Irinta ce a wayoyi da dama na farkon shekarun 2000, kuma galibi wuri ɗaya kawai take ganewa a lokaci guda. Akwai kuma mai aiki da lantarkin jiki, wadda asalinta ke komawa ga aikin E. A. Johnson na ƙasar Ingila a 1965. Ita ce a wayoyin zamani. A ƙarƙashin gilashinta akwai siraran layukan lantarki da aka saƙa kamar raga. Idan yatsa ya kusanto, sai ya sauya yanayin cajin da ke mahaɗar layukan. Wata ƙaramar na'ura ce ke bin ragar tana aunawa sau da yawa a cikin sakan guda, sannan ta lissafa tsakiyar wurin da sauyin ya faru, ta miƙa shi ga manhaja a matsayin ɗigo ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, ɗigon da wasa ke karɓa ƙiyasi ne. Yatsa yana rufe fili mai faɗin milimita da dama, na'urar ce ke zaɓar wuri ɗaya a cikinsa. Ingancin ƙiyasin ya danganta da yawan layukan ragar, da nagartar na'urar, da abin da ke tsakanin yatsa da gilashi. Gumi ko ɗigon ruwa na iya sa waya ta ga taɓawar da ba a yi ba. Busasshiyar fata mai kanta na iya sa ta kasa ganin wadda aka yi. Caja marar inganci na cusa hayaniyar lantarki da ke rikita awon, shi ya sa wasu wayoyi ke danna kansu idan suna kan caji.

Haka kuma, shi kansa mutum ba ya saiti da wurin da fatarsa ta taɓa. Binciken da Christian Holz da Patrick Baudisch suka gabatar a 2011 ya nuna cewa mutane na saiti ne da abin da idonsu ke gani a saman yatsa, kamar tsakiyar farce, alhali waya tana auna abin da ke ƙarƙashinsa. Ke nan akwai tazara tsakanin nufin mai wasa da abin da waya ta rubuta, tun kafin a zo maganar bambancin wayoyi.

3.0 Girman Maɓalli

Hoton da ke fuskar waya ya ƙunshi ƙananan ɗigogin haske da ake kira fiksel. Kuskuren da ya fi yawa wurin sababbin masu tsara wasa shi ne auna maɓalli da adadin fiksel, alhali fiksel ba shi da tsayayyen girma. Fuskar iPhone ta farko tana da fiksel 163 a kowane inci. Ta Galaxy S6, wadda Samsung ya fitar a 2015, tana da 577. Maɓalli mai faɗin fiksel 100 zai kai kusan milimita 16 a ta farkon, amma a ta biyun bai wuce milimita 4 da ɗan ɗori ba. A waya mai fuskar inci 6.6 da fiksel 720 a faɗi da 1612 a tsawo, irin tsarin da ake samu a wayoyi da dama masu matsakaicin kuɗi, maɓallin zai zama milimita 9 da rabi. Lamba ɗaya ce, amma ta haifar da maɓalli uku: wani ya yi wa yatsa yawa, wani ya yi daidai, wani kuma ba ya dannuwa sai da sa'a.

Maganin da wasu ke kawowa shi ne auna maɓalli da kason fuska, misali kashi 10 cikin 100 na faɗinta. Wannan ma ya gaza. A ƙaramar waya maɓallin zai tsuke, a babbar na'ura mai fuskar inci 10 kuma zai kumbura ya ci fili ba tare da wani amfani ba, domin yatsan mai babbar na'ura bai fi na mai ƙarama girma ba. Tela ba ya yanka riga gwargwadon faɗin yadin da aka kawo masa, jikin mai rigar yake aunawa.

Saboda haka manyan kamfanonin biyu suka samar da ma'aunin da bai dogara da cunkoson fiksel ba. A tsarin Android ana kiransa dp, kuma ɗaya daga cikinsa daidai yake da fiksel ɗaya a fuska mai fiksel 160 a inci. Google ya ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 48 a faɗi da 48 a tsawo da wannan ma'auni. Apple kuma ya ba da shawarar 44 da 44 da nasa ma'aunin. Duka biyun suna faɗawa tsakanin milimita 7 zuwa 10, wato kusan faɗin kan yatsa. Sai dai waɗannan alƙaluma an yi su ne don manhajojin yau da kullum, inda mutum ke kallon maɓalli kafin ya danna, cikin natsuwa. A wasa idon mutum yana kan abokin karawa, yatsa na tafiya ne da makanta, cikin gaggawa. Ka'idar da Paul Fitts ya gabatar a 1954 ta bayyana dalili: lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya isa wani wuri yana ƙaruwa da nisan wurin, yana raguwa da faɗinsa. Don haka maɓallin da ake yawan dannawa cikin sauri, kamar na tsalle ko na harbi, ya kamata ya zarce wancan mafi ƙarancin girma sosai.

Wata dabara mai amfani ita ce raba hoton maɓalli da filin da ke amsa taɓawa. Ana iya zana maɓallin ƙarami don kada ya rufe wasa, amma a faɗaɗa filinsa na ɓoye ta kowane gefe. Idan yatsa ya sauka tsakanin maɓallai biyu, sai a ba wanda tsakiyarsa ta fi kusa. Wannan ƙa'ida ta awo da milimita ta shafi jan yatsa ma. Idan jan santimita biyu na juya ɗan wasa zuwa wata kusurwa a wata waya, ya kamata ya juya shi zuwa kusurwar nan a kowace waya. In ba haka ba, duk wanda ya sauya waya sai ya sake koyon wasan daga farko.

4.0 Wurin Ajiye Maɓalli

A 2013 Steven Hoober ya wallafa sakamakon kallon da ya yi wa mutane sau 1,333 suna amfani da wayoyinsu a bainar jama'a. Daga cikin masu taɓa fuskar, kashi 49 cikin 100 da hannu ɗaya suke riƙe waya, kashi 36 suna tallafe ta da hannu ɗaya suna taɓawa da ɗayan, kashi 15 kuma suna riƙe ta da hannu biyu. Darasin shi ne babu riƙo guda, kuma babban yatsa ne ke yin mafi yawan aikin. Shi kuwa babban yatsa a daddale yake a gindinsa, yana zagayawa ne kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Iyakar isarsa wani baka ne da tsawon yatsan ya ƙayyade. Girman waya ba ya ƙara masa tsawo.

Ma'anar wannan ga mai tsarawa ita ce, a wasan da ake riƙe waya a kwance, maɓallai su rataya ne daga kusurwoyin ƙasa na hagu da dama, da tazarar da aka auna da milimita. Idan fuska ta ƙara tsawo, filin tsakiya ne zai faɗaɗa, maɓallan su tsaya inda yatsa yake. Wannan ya zama wajibi domin siffar fuska ta sauya sosai. A iPhone ta farko tsawo da faɗi 3 da 2 ne. Daga baya 16 da 9 ya zama ruwan dare. A 2017 Galaxy S8 ta zo da 18.5 da 9, iPhone X kuma da 19.5 da 9, har da wani gurbi da aka yanke a saman fuskar don kyamara. A 2019 wayoyi masu naɗewa irin su Galaxy Fold suka fito, inda fuska ke iya sauya girma ana tsakiyar wasa.

Gefen fuska shi ma ya zama wurin haɗari. Kusurwoyi sun zama zagayayyu, ramin kyamara na cin wani yanki, sannan tun daga Android 10 a 2019 jan yatsa daga gefe na nufin komawa baya, daga ƙasa kuma fita daga manhaja. Maɓallin da aka manna a bakin fuska na iya fitar da mutum daga wasa a lokacin da ya fi buƙatarsa. Tsarin waya yana sanar da manhaja iyakar filin da babu wannan cikas, kuma a cikin wannan fili ya kamata kowane maɓalli ya zauna.

Sandar tuƙi ta gilashi, wato da'irar da ake ja don tafiyar da ɗan wasa, tana da tata matsalar. Da yake yatsa ba ya jin ta, a hankali yakan zame daga kanta. An magance wannan da sanda mai bin yatsa: duk inda yatsa ya sauka a rabin fuska na hagu, nan ne tsakiyar sandar. Ana kuma barin ɗan fili a tsakiya da ba ya amsa motsi, don rawar hannu ko kuskuren awon waya kada su tafiyar da ɗan wasa. Shi kansa Android yana da irin wannan rangwame, inda ba ya ɗaukar taɓawa a matsayin ja sai yatsa ya gusa da kusan dp 8.

5.0 Lokaci da Jinkiri

Tsakanin saukar yatsa da bayyanar sakamako akwai zango da dama. Na'urar taɓawa za ta auna, tsarin waya ya karɓa, wasa ya yi lissafi, a zana hoto, sannan fuska ta nuna. Kowane zango na cin lokaci, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Binciken da Albert Ng da abokan aikinsa suka gabatar a 2012 ya nuna cewa na'urorin wancan lokaci na jinkirin milisakan 50 zuwa 200, kuma idan mutum yana jan abu da yatsa, yana iya lura da jinkirin da bai kai milisakan 10 ba.

Fuskar da ke sabunta hoto sau 60 a sakan tana ba kowane hoto milisakan 16.7. Mai yin sau 120 tana ba shi 8.3. Wayar da ƙarfinta bai wuce zana hoto 30 a sakan ba kuwa tana ɗaukar milisakan 33. Daga nan wani kuskure ke tasowa, wato ƙirga lokaci da adadin hotuna. A ce mai tsarawa ya ba da damar hoto shida don kauce wa hari. A waya mai zana 30 damar milisakan 200 ce, a mai zana 120 kuma milisakan 50 kacal. Wasa ɗaya ya zama wasa biyu. Hanyar da ta dace ita ce a raba agogon wasa da agogon zane, a ƙayyade kowace dama da milisakan.

Haka nan, idan wasa yana duba fuska sau ɗaya kawai a kowane hoto, taɓawa mai sauri na iya farawa ta ƙare tsakanin hotuna biyu ba tare da an gan ta ba. Wannan ya fi faruwa a raunanan wayoyi. Maganinsa shi ne karɓar duk taɓawar da tsarin waya ya jera, kowace da lokacinta. Akwai kuma dabarun sassauci biyu da suka shahara. Ta farko, idan mutum ya danna tsalle jim kaɗan kafin ƙafar ɗan wasa ta taɓa ƙasa, sai a ajiye umarnin a zartar da shi da zarar ya sauka. Ta biyu, idan ya danna jim kaɗan bayan ya wuce bakin rami, sai a karɓa. Waɗannan ba sauƙaƙa wasa suke yi ba, gyara ne ga jinkirin da ba mai wasa ya jawo ba.

6.0 Abin da Wata Waya Ke da Shi, Wata Ba Ta da Shi

Ba kowace fuska ke iya bin yatsu da yawa a lokaci guda ba. Tsarin Android ya bambanta tsakanin fuskar da ke gane yatsu biyu sama-sama, da mai bin kowane yatsa daban, da mai bin biyar ko fiye. Na'urar jin juyawar waya, wato jairoskof, ta shiga iPhone 4 a 2010, amma har yanzu wayoyi da dama masu sauƙin kuɗi ba su da ita. Lokacin da wasan Pokémon Go ya fito a 2016, masu irin waɗannan wayoyi sun tarar sashen wasan da ke haɗa hoto da kyamara ba ya yi musu aiki. Injin girgiza ma iri biyu ne: mai ba da bugu gajere tsaf, wanda zai iya maye gurbin jin maɓalli, da mai juya ɗan nauyi, wanda ke farawa a makare ya ƙare a makare. Ko babban kamfani na iya janye abin da ya kawo. Apple ya gabatar da fuska mai jin ƙarfin danni a iPhone 6s a 2015, ya kuma cire ta daga iPhone 11 a 2019.

Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce, ginshiƙin wasa ya tsaya a kan abin da kowace waya ke iyawa, sauran kuma su zama ƙari. Wasannin da suka fi yaɗuwa sun bi wannan hanya. Angry Birds na 2009 ja ne da saki. Fruit Ninja na 2010 sara ne da yatsa. Temple Run na 2011 da Subway Surfers na 2012 sun dogara da jan yatsa sama ko ƙasa ko gefe, kuma a ko'ina aka ja a fuskar ya yi. Flappy Bird na 2013 ya mayar da fuskar gaba ɗaya maɓalli guda. A irin waɗannan, matsalar girma da ta wuri sun kau tun daga tushe.

Wasannin harbi irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty: Mobile na 2019 ba su da wannan sauƙi, domin suna buƙatar tafiya da saiti da harbi a lokaci guda. Mafitar da suka samu ita ce miƙa wa mai wasa ikon gusar da kowane maɓalli, da sauya girmansa, da daidaita saurin juyawa, tare da taimakon saiti. A sakamakon haka ƙwararru suka ƙirƙiro riƙon da ake amfani da yatsu uku ko huɗu. Wannan iko yana amfanar bahago da mai ƙaramin hannu da mai lalurar yatsu. Duk da haka bai ɗauke wa mai tsarawa nauyin samar da kyakkyawan tsarin farko ba, domin da shi sabon mai wasa zai yanke hukuncin zama ko tafiya.

7.0 Tasirin Lamarin a Ƙasar Hausa

Wayoyin da suka fi yawa a kasuwannin Afirka, ciki har da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sun haɗa da Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen ta ƙasar Sin. Da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi suna da babbar fuska amma matsakaicin ƙarfi. Google ma ya fitar da Android Go a 2017 musamman don wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. A kan wannan sai a ƙara yanayin amfani: fuskar da ta tsage aka sauya ta da wadda ba ta asali ba, da gilashin kariya mai kauri, da ƙurar hunturu da bushewar fata, da wasa a kan caji saboda rashin tabbas na wutar lantarki. Sannan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ita kuwa waya idan ta yi zafi takan rage gudun injinta don kare kanta, sai jinkiri ya ƙaru ana cikin wasa.

A wasannin gasa ta intanet, matashin da ke riƙe da irin wannan waya yana karawa ne da wanda fuskarsa ke sabunta hoto sau 120 a sakan. Ba za a iya share wannan tazara baki ɗaya ba, amma tsari mai kyau na rage ta, marar kyau kuma na ninka ta. Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke son ƙirƙirar wasanni, ko na dara da langa ne ko na koyar da yara karatu, darasin a fili yake. Gwaji a kan kwamfuta da linzami ba ya nuna komai game da yatsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da ya fi daraja shi ne wanda aka yi a kan mafi raunin wayar da ake sa ran za ta ɗauki wasan, bayan ta yi zafi, a hannun wanda bai taɓa ganin wasan ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi matsalar tsara maɓallan taɓawa daga yadda fuska ke ƙiyasin wurin yatsa, zuwa girma da wuri da lokaci da bambancin na'urori. An ga cewa fiksel da kason fuska da adadin hotuna duk ma'aunai ne na waya, suna sauyawa da sauyawarta. Milimita da milisakan kuwa ma'aunai ne da suka dace da hannu da ido, waɗanda ba su sauya ba tun daga zamanin Snake zuwa yau. Mai tsarawar da ya rataya maɓallansa daga inda babban yatsa ke isa, ya auna su da faɗin yatsa, ya ƙirga lokaci da agogo, ya kuma gina ginshiƙin wasansa a kan abin da mafi ƙarancin waya ke iyawa, shi ne zai samar da wasan da nasara a cikinsa ta dogara da ƙwarewar mai wasa fiye da kuɗin wayarsa.